Ka Ɗauko Mini Jirgin Kawai

Tun da na dawo daga Gana ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo shagona na ɗaukar hoto da ke bakin kasuwar Gaya, ko da hoton fasfo ya zo ɗauka, sai ya gyara zama ya ce in ba shi labari. 'Yan majalisarmu sun fi kowa naci, musamman Sabo tela, wanda ya rantse aure na je nema. Kullum na ba da labarin sai wani ya ɗauka ya ƙara masa gishiri, har ranar kasuwa na ji ana cewa wai ni na tuƙo jirgin da kaina. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda abin ya kasance, kowa ya karanta ya ƙyale ni in yi aikina.

Saƙon yayata ne ya kai ni. Yaya Hansai ita ta goye ni. Tana zaune a Toranke ta ƙasar Ajingi, a gidan da aka kai ta aure, kuma ko bayan rasuwar maigidanta ta ƙi tashi. Ɗanta na fari, Nasiru, yana cikin yaran da aka tura waje koyon tuƙin jirgin sama. Ya dawo ya daɗe yana jiran aiki, daga baya wani ƙaramin kamfani a Gana ya ɗauke shi mataimakin matuƙi, suna jigilar mutane tsakanin Akra da garuruwan arewacin ƙasar. Zuwansa gida ya zama sai an daɗe.

To, kakarmu Bafulatana ce, kuma Yaya ta ɗauko kunyarta kaf ba ta rage ba. Tun da ta haifi Nasiru ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Wancan" take cewa, ranar da ta ji daɗi ta ce "yaron gidan nan". In ya shigo gaishe ta, ƙasa take kallo. In ya bugo waya, ta amsa sallama ta miƙa wa na kusa da ita. In an nuna mata hotonsa a waya, ta kau da kai. Na san mutanen birni za su ce ai an daina kunyar ɗan fari, amma a ɗakin Yaya ba a daina ba.

Bara waccan Nasiru ya aiko da hotonsa cikin kayan aiki, ni na sa masa firam. Yaya ba ta ko kalle shi ba, ta ce a ajiye. Ashe ƙarƙashin katifarta ya koma. Wata rana surukarta, matar ƙanin Nasiru, ta faɗa ɗakin ba sallama ta same ta riƙe da shi, ta fito tana dariya tana gaya wa matan gida. Ba da mugunta yarinyar ta yi ba, amma kafin la'asar Yaya ta aika da hoton gidan 'yarta a Balan, ta ce ita ba ta da wurin ajiye tarkace. Abin ya tsaya mini a rai, don na san daga ranar ba ta da inda za ta ga fuskar ɗanta.

Nasiru ya daɗe yana cewa in kai masa ziyara. Da na yanke shawarar tafiya, na hau babur na je Toranke yi mata sallama. Na same ta a tsakar gida tana tsince wake. Ta yi mini addu'ar hanya, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba:

"Ɗanlami, in ka je ka ɗauko mini hoton jirgin nan da ake ta faɗa. Ban taɓa ganinsa a kusa ba."

Na ce, "Yaya, da mai tuƙa shi?"

"Jirgin kawai na ce."

Ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙunshi ɗaure da tsumman atamfa, ta ce daddawa ce da kuka da yaji, in kai wa duk wanda ya ba ni masauki. Sai da na wuce Ajingi a kan babur na gane aikin da aka ɗora mini. Hoton jirgi kowa na iya rataye shi a bango ya yi ta kallo ba mai cewa komai. Amma dole a ga wanda ke cikin tagar gaba, in ba haka ba na kawo mata ƙarfe ne kawai.

Matsalar ita ce gilashin da ke bakin kyamarata na biki ne, gajere, an yi shi ne don wanda zai tsaya kusa da amarya. Na gwada shi a kan jiragen da ke wuce mu suna gangarawa Kano, suka fito kamar ƙuda a jikin farin yadi. Ina bukatar dogon gilashi mai jawo nesa kusa, kuma ban taɓa riƙe irinsa ba. Nasiru ya ce kada in saya a Kano a makance, akwai wata mata a Akra da ke sayar da na hannu, kuma tana barin mutum ya gwada a kan jirgi na gaske kafin ya zaɓa.

Daga Gaya na bi Wudil zuwa Kano, na shiga doguwar motar Legas. Allah ya haɗa ni kujera da wata Hajiya Ladi, mai fataucin atamfa zuwa Kwatano, wadda ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Ba mu kai Zariya ba ta fara baza hanci. Ta dubi jakata, ta dube ni, ta tambaya ko miya zan je sayarwa. Daddawar Yaya ce ta ji zafin mota ta fara magana. Na ƙara nannaɗe ta da leda, na tura ƙarƙashin kujera, duk a banza. Wani saurayi a bayanmu ya yi ta fesa turare har Lokoja. Hajiya kuwa ta raɗa mini suna Mai Daddawa, kuma da shi ta yi ta kirana har muka rabu.

Amma ta yi mini rana. Ita ta fitar da ni daga cunkoson Legas zuwa tashar motocin iyaka, ita ta tuna mini in fito da katin rigakafin shawara in haɗa da fasfo tun kafin mu isa Seme. Ni kuwa don tsananin adana na cusa katin can ƙasan jakar kyamara, sai da na zazzage komai a kan benci mutane suna jira. Da jami'in ya ga kyamara ya tambayi aikina, na ce hoton biki da suna nake ɗauka. Ya ce me zan ɗauka a Gana, na ce jirgin sama. Ya daɗe yana kallona kafin ya buga hatimi.

A Kwatano muka rabu da Hajiya. Abin da na riƙe na garin shi ne 'yan acaba masu rawayar riga da ba sa ƙirguwa, da mata tsofaffi suna tuƙa baburansu da kansu, da burodi dogo mai tauri wanda na ci ya kankare mini dasashi. A Lome na fara ganin teku, tana gefen titi ba wanda ya damu da ita. Ni kaɗai na miƙe a cikin mota ina leƙe. A iyakar Gana aka ce in kwance ƙunshin Yaya, na ce a raina shi ke nan an ƙwace. Jami'in ya sunsuna, ya yi murmushi, ya ce uwarsa ma ba ta miya sai da ita. Ya taya ni ɗaurewa.

Ɗakin Nasiru ƙarami ne kuma su biyu ne a ciki, don haka ya sauke ni a unguwar Nima, gidan wani dattijo Baba Iddi, wanda kakansa fataken goro ne suka zo da shi daga ƙasar Kano. Hausarsa tana da daɗi, sai dai ta sha ruwan wasu harsuna. A ranar na fara abin kunya. Na duba agogona na ga azahar ta yi, na yi alwala na tafi masallaci, na tarar ba kowa. Na zauna ina ta mamakin sakacin mutanen garin, har na shirya abin da zan faɗa a majalisa. Ashe agogonsu yana bayan namu da awa guda, ni ne na yi sammako.

Da yamma Nasiru ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi kowa da kowa har da akuyar gidan, ya bar mutum ɗaya. Na ɗauko ƙunshin na miƙa wa Baba Iddi, na ce saƙon yayata ne ga mai masauki. Tsohon ya dubi ɗaurin, ya dubi Nasiru, ya tura masa da sandarsa, ya ce shi likita ya hana shi yaji. Nasiru ya kwance, ƙamshin ya cika ɗakin. Ya ɗago ya dube ni.

"Kawu, me ta ce?"

"Ta ce in kai wa mai masauki."

Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Ni ma sai na sami abin dubawa a cikin jakata.

Abincinsu bai ba ni wahala sosai ba. Da safe akwai koko da ƙosai, kuma wai kokon Hausa suke kiransa, alhali yajin da ke cikinsa ko a Gaya ba mai shan irinsa. Wake da shinkafarsu ja ce, a zuba mata taliya da garin rogo da ƙwai da kifi duk a ganye ɗaya, kamar mai abincin tana sallamar kayan shagonta. Dokunu ne dai, tuwon masararsu da ake naɗewa a ganye, muka kasa shiryawa da shi saboda tsami. Sai kuma ranar Asabar da na ji kiɗa a bayan layi, na leƙa na ga rumfuna da kujeru da mutane cikin anko baƙi da ja suna rawa. Jinin sana'a ya motsa, na saɓo kyamara na shiga ina ce musu Allah ya sanya alheri. Baba Iddi ne ya biyo ni ya ja rigata, ya ce jana'iza ce. Na fita sum-sum ina tuna yadda ake zaman makoki a wurinmu, ko tari mutum ya yi sai ya ji nauyi.

Matar da Nasiru ya faɗa sunanta Madam Akosuwa. Ta manyanta, gajera ce mai faɗi, ta yi shekaru tana koyarwa kafin ta buɗe shagon kayan hoto, kuma tana jin Hausar zango daidai gwargwado. Abin da ya fi ba ni mamaki, ita da wasu abokanta ba su da abin shaƙatawa sai ɗaukar hoton jirage. Ba mai biyansu, ba jirgin ubansu ba ne, amma su hau rufin bene kusa da filin jirgi su wuni. Ta ce kada in kuskura in je jikin shingen filin da dogon gilashi, masu tsaro ba za su saurari labarin yayata ba. Akwai benaye da masu su suka san su, can ake hawa.

Ta ɗora mini gilasai uku a kan tebur. Na farko yana kaiwa milimita ɗari biyu, mara nauyi, mai kaifi. Na biyu mai zumin ne, wato ana murɗa shi daga ɗari zuwa ɗari huɗu. Na uku ɗari shida ne cur, ba ya gaba ba ya baya, tsawonsa ya kusa taɓarya. Ta ce yawan lambar shi ne yawan jawowa, amma kowane ƙari da abin da yake ci: nauyi, da rawar hannu, da ƙuncin abin da ido zai gani. Ban saurari ƙarshen maganar ba. Idona yana kan taɓaryar, har ina hango fuskar Sabo tela ranar da zan shiga kasuwar Gaya da ita a kafaɗa.

Washegari da hantsi muka hau wani bene ta gabashin filin, rana tana bayanmu. Na fara da ɗari biyu a kan jiragen wasu. Hoton ya fito tas, sai dai jirgin ya zauna a tsakiya ƙarami, tagoginsa ɗigo-ɗigo. Wannan bai yi ba. Na ɗaura taɓarya. Kafin in samo jirgi a cikinta ya riga ya wuce, sama kawai nake gani da gajimare. Da na samo shi, hannuna yana rawa, shi ma yana rawa. Na hango wani can nesa a ƙarshen fili na ɗauka, ya fito a narke kamar ana kallonsa ta cikin ruwa. Madam ta ce ba laifin gilashin ba ne, hucin kwalta ne ke tashi, kuma duk tsawon gilashi ba ya maganinsa, ƙara shi ma yake yi. Dole a jira jirgi ya matso.

Ta koya mini in manne gwiwar hannu a haƙarƙari, in juya daga ƙugu ina bin jirgin, kada in tsaya ko bayan na danna. Ta kuma ce tun da jirgin su Nasiru mai farfela ne, kada in sa kyamara ta ƙifta da sauri sosai, in ba haka ba farfelar za ta fito a tsaye cik kamar injin ya mutu. Wannan maganar ta shige ni, don na san idon Yaya. Da ta ga farfela a tsaye da ba ta sake barci ba.

Can sai ga jirgin su Nasiru. Ya sauka, ya rage gudu, ya biyo ta gabanmu. Shekara da shekaru ina ɗaukar 'yan biki, bakina ya riga ya saba. Ban san lokacin da na ce wa jirgin, "Tsaya haka, kar ka motsa," ba. Mutanen rufin suka yi ta dariya har da mai riƙe ciki. Amma na samu. Na duba bayan kyamara, ga tagar gaba fes, ga mutum a ciki. Na kumbura na miƙa wa Madam. Ta duba ta tambaye ni ko ɗan yayar tawa yana da furfura da sanƙo. Wani ƙaton dattijo na ɗauko, babban matuƙin.

Da Nasiru ya ji ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce babba ne ke zama a hagu, mataimaki a dama, mu kuwa ta hagun jirgin muka tsaya. Sai mu koma yammacin filin, kuma sai bayan azahar, lokacin da rana za ta haska wannan gefen. Ya ce lokacin sauka ko ƙyaftawa ba zai yi don ni ba, amma in sun bar titin sauka za su karya dama, kuma aikinsa ne ya leƙa ta tagarsa ya tabbatar ba komai a hanya. Wannan leƙen shi ne rabona. Ya ƙara da cewa gobe sau biyu zai shigo, daga Kumasi sannan daga Tamale, jibi kuma za a tura shi wani horo a wata ƙasa. Ni ma ina da bikin da na karɓa a Kademi yana jirana.

Washegari muka koma wani benen ta yamma, wanda ya fi kusa da inda suke karyawa. Madam ta ce in ɗaura ɗari shida, ta ara mini sandar dogara shi. Jirgin Kumasi ya shigo, ya karya dama, Nasiru ya juyo, na danna. Wallahi ban taɓa ɗaukar hoto mai kyan wannan ba. Hancin jirgin da taga sun cika hoton, ga Nasiru da abin magana a kunne, har tabon da ya samu a goshi ranar da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ana gani. Mutanen rufin suka zagaye ni suna yaba wa. Madam ta ce an gama, in ɗauki wannan gilashin, uwa ta nemi ɗanta ga ɗanta.

Na daɗe ina kallon hoton, kuma ba zan ɓoye ba, raina ya biya. Amma da na tambayi kaina ina jirgin, sai na ga babu shi. Babu fiffike, babu wutsiya, babu farfela. Hoton Nasiru ne kawai aka yi wa firam da taga. In na kai wannan Toranke, kafin la'asar ya bi ɗan'uwansa zuwa Balan.

Na ce ta ba ni mai zumin. Ta ɗauka nauyin ne ya ishe ni, ta fara ba ni haƙuri. Sai na zauna a kan bulo na yi mata bayanin Yaya tun daga farko, har da hoton ƙarƙashin katifa. Ta kasa ganewa. Ta ce ita ɗanta na fari ya haura arba'in, amma in ya zo sai ta rungume shi a tsakiyar titi ta ja masa kunne. Ta tambaya ko faɗa suka yi. Na ce ko kaɗan. Ta tambaya ko ba ta son sa ne.

Na ce, "Madam, duk cikin 'ya'yanta ba wanda take so kamarsa. Shi ya sa."

Ta goge gilashin da ke hannunta ta ajiye. Sannan ta miƙe ta fara aiki kamar ita aka aika. Ta ce to jirgin ne zai cika hoton daga hanci zuwa wutsiya, ba a bar sarari ko kaɗan ba, don kowane sarari daga fuskar yaron za a cire shi. Ta ce kada in jira ya ba ni gefe sosai, in ɗauke shi yana cikin karyawa, lokacin da ya ɗan fuskanto ni, tsawonsa zai taƙaita in sami damar jawo shi. Amfanin mai zumin ke nan, jirgi yana matsowa kana sassautawa, ba sai ka yanke masa fiffike ba. Ta kuma ce kada in murɗa shi har ƙarshe, irin waɗannan sun fi kaifi in an rage musu kaɗan. Muka yi ta gwaji a kan jiragen mutane har kafaɗata ta yi tsami.

Na yi la'asar a kan rufin. Rana ta yi sanyi, hucin kwalta ya kwanta. Jirgin Tamale ya makara, har na fara jin tsoron haske zai tafi ya bar ni. Na yi ta addu'a a zuci, ina jin kunyar abin da nake roƙo a kai, amma ban daina ba. Can ya ɓullo. Ya sauka, ya taho a hankali, ya fara karyawa. Na manne gwiwar hannu, na bi shi daga ƙugu, na ɗan sassauta zumin har wutsiya ta shigo. Wannan karon bakina a rufe yake. Na ga wani ɗan motsi a taga, na danna.

Muka haɗa kai a kan bayan kyamara. Ga jirgi cikakke, rana ta kwanta a jikinsa, farfela ta zama da'ira. A tagar dama ga fuska ba ta fi ƙwayar wake ba. Madam ta yi ta buɗa wurin da yatsa, fuskar ba ta watse ba. Wanda bai san shi ba zai ce wani matuƙi ne. Wanda ya san shi ba zai yi tambaya ba. Mai zumin na saya, na bar mata taɓaryarta, Sabo tela ya yi haƙuri.

Dawowa ba ta da labari, sai barci da kumburin ƙafa. A Kano na tsaya aka wanke mini hotunan biyu, na jirgin na sa aka yi shi babba, faɗinsa ya kai tabarmar salla, aka sa masa firam da gilashi. Na fuskar na yi shi ƙarami na saka a jaka, ko da za a bukata. Bayan na sallami bikin Kademi na ɗaure babban a bayan babur na nufi Toranke, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai.

Na tarar ana ɓarar gyaɗa, matan gida da na maƙwabta sun cika tsakar gida. Ban so haka ba, amma ba yadda zan yi. Bayan gaisuwa na kwance hoton na jingina shi da turmi. Mata suka taso suna salati, wannan ta taɓa fiffike, waccan ta tambayi ta ina ake shiga. Surukar nan tata mai ido ta sunkuya wajen hancin jirgin, na ga bakinta ya buɗe. Na harare ta harara ɗaya, Allah ya taimake ni ta haɗiye maganar. Yaya ta ɗago daga inda take zaune, ta dubi hoton a gaban kowa, ta daɗe tana dubawa.

"To, ashe haka yake," ta ce. "A kafa mini shi a ɗaki, bangon can ya yi fili da yawa."

Ni na buga ƙusar. Ta sa na sauko da shi ƙasa-ƙasa, wai don kada ya faɗo a kan yara, har ya zo daidai tsayinta. Na fita na ci abinci, na zaga na gaida dattawan unguwa. Ƙaramin hoton yana cikin jakata, ban fito da shi ba, kuma har yau yana cikin durowar shagona.

Da na zo tafiya na yi sallama a ƙofar ɗakinta. Labule a ɗage yake, mata suna ta wucewa da kwanukan gyaɗa. Tana tsaye a gaban hoton, hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta kama bakin mayafinta tana goge wuri ɗaya, wajen tagar dama. Ta ji shigowata, ba ta matsa ba, ba ta kuma sauke hannunta ba.

"Ɗanlami."

"Na'am, Yaya."

"Su masu tuƙa irin waɗannan, ba a ba su abinci ne?"

Na ce ana ba su, har da daddawar Toranke. Ba ta juyo ba, ta ce in an sami mai tafiya in gaya mata, akwai saura.